Duktur Abdulhakim da Turancin Bakin Ƙofa

Ni Fatu, shekara goma sha tara ina sayar da shayi da gahawa a gindin darbejiyar bakin unguwarmu a nan Gadarif, kuma ban taɓa jifan ɗan Adam da kofi ba sai ranar da Abdulhakim ya yi wa Baturiya jawabi. Ban same shi ba, kofin ya fashe a jikin bango, kuma har gobe rashin samun nasa ne yake yi mini ciwo, ba kofin ba.

Abdulhakim ya zo mana ne a shekarar da yaƙi ya watsa Khartum, shi da matarsa Haliima da akwati ɗaya da kwat mai ruwan toka. Muka ba su ɗaki kamar yadda aka ba kowa. Kwana uku da zuwansa ya zauna a bencina, ya harɗe ƙafa, ya ce daga yau a riƙa ce masa Duktur.

"Hajja Fatu, babu wani littafi da ya shiga jami'a a Khartum bai bi ta hannuna ba."

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Haliima ce ta gaya mini daga baya, muna tsintar wake: shago gare shi a bakin ƙofar jami'a, da injin fotokwafi. Shekara goma sha ɗaya yana ɗaga murfi yana rufewa. To, mu dai Duktur muka ci gaba da ce masa, tunda ba ya rage wa kowa komai.

Abin da ke rage mana komai shi ne ruwa. Unguwa ta ninka biyu da baƙin yaƙi, famfo ɗaya tilo da muke da shi ya mutu murus, masu gyara suka ce ƙasan ne ya ƙafe. Sai dai ka jira mai karo, wato amalanken jaki mai ganga, in ya ga damar zuwa, ko ka ɗauki jarka ka tafi can wajen tashar lori ka bi layi. Ni sau biyu nake zuwa a rana. Bayana ya fara yin ƙara in na miƙe, kuma mai shayin da ba ta da ruwa ai zaman banza take yi a gindin bishiya.

Rannan Baba Modibbo, shugaban kwamitin unguwa, ya zo da labari yana haki. Wata ƙungiyar agaji ta Turawa tana da rijiyar burtsatse ɗaya da ta rage mata a wannan shekara, da tanki da komai. Unguwa biyu ake dubawa, mu da mutanen tsallaken kwari. Bayan girbin riɗi baƙin za su zo, kowace unguwa a ba ta kwata ɗin awa ta faɗi damuwarta, wadda ta fi buƙata ita za a haƙa wa.

"Suna da tafinta," in ji Modibbo, "amma na ji mutanen tsallake ta bakinsa za su yi magana. Mu in muka yi musu da harshensu, ai mun riga mun shiga gaba."

Na ce, "Baba Modibbo, ga Ustaza Nasiba nan. Shekara goma sha biyu tana koyar da Turanci a sakandare a birnin Madani kafin yaƙi ya koro su."

Nasiba na zaune a gefe da kofinta, mace ce marar hayaniya. Kafin ta buɗe baki Duktur ya yi wata irin dariya ta cikin hanci.

"Turancin aji? Baba Modibbo, Turancin aji gawa ne, an wanke shi an sa masa likkafani. Turanci mai rai yana bakin masu shi. Kun san yadda manyan masana ke yi yanzu? Ba sa buɗe littafin nahawu. Maganar mutane ta gaske suke tarawa, kalma miliyan, miliyan ɗari, su zuba su duba wace kalma ce ke tafiya da wace, wane ginin jimla ne yake ta dawowa. Kalmomi kamar matan unguwa suke, kowace da wadda take zuwa kasuwa da ita. Wanda ya gano wannan ya kama harshe a wuya. Ni da hannuna na yi aiki a kan babban bincike irin wannan, shafi ɗari huɗu."

"Kwafi nawa?" na tambaya.

Ya yi kamar bai ji ba.

Nasiba ta ce a hankali, "Hanyar gaskiya ce, Duktur, na karanta labarinta. Amma sai mutum ya san ma'anar abin da ya tara, ya kuma lura da inda ya tara shi."

"Ma'ana ta 'yan firamare ce, Ustaza. Mu tsari muke bi."

Tun daga kalmar miliyan Baba Modibbo ya riga ya tafi. Ya dafa kafaɗar Duktur ya ce halas, an gama magana, shi ne bakin unguwa. Na dubi Nasiba, ta dubi ƙasan kofinta.

Washegari Duktur ya sa kwat ya nufi kasuwar hatsi neman Turanci mai rai, don ya ji an ce akwai wani Ba'indiye mai sayen riɗi. Ya same shi kuwa, ya kunna waya, ya laɓe a bayan buhuna yana miƙa hannu. Awa biyu cur. Ashe mutumin a Gadarif aka haife shi, Larabcinsa ya fi na Duktur daɗi, ko kalma ɗaya ta Turanci bai furta ba. Su kuwa 'yan dako suka ga baƙon fuska cikin kwat yana naɗar maganar mutane a ɓoye, a irin wannan zamani da kowa ke tsoron kowa. Suka yi caraf da shi. Da la'asar sai da Modibbo ya bar sallarsa ta makara ya je ya rantse wa masu tsaro cewa wannan ba ɗan leƙen asiri ba ne, wawa ne kawai na unguwarsu. Ya dawo da shi da aljihu ɗaya a yage, ƙaiƙayi har cikin kunne.

"Me ka samo?" na ce, ina miƙa masa shayi.

Ya kunna mana. Kukan jaki, waƙar 'yan dako, sai muryarsa shi kansa yana cewa, "Ku sake ni, ni Duktur ne."

"Samfurin farko ba a yanke hukunci da shi," in ji shi.

Bayan kwana huɗu ya ce matsalar ita ce Gadarif ba ta da Turawa na asali, suna can Umm Rakuba, sansanin 'yan gudun hijirar Habasha. Ya hau bayan lori mai zuwa Doka, garin da ke kan hanyar sansanin, a saman buhunan albasa. Allah da ikonsa, ranar ce ruwan ƙarshe na kaka ya sauka. Wanda ya san baƙar ƙasarmu ya san in ta jiƙe ba ta da mutunci. Lori ya kafe kafin Doka, direba ya ce kowa ya sauko a tura. Duktur ya ce shi ba turi ya zo yi ba, zai tsaya a baya ya nuna musu kusurwar da ta dace. Taya ta juya sau ɗaya ta yi masa wanka tun daga kai har ƙafa. Ya ja da baya, laka ta riƙe takalmi ɗaya, ya sunkuya ciro shi, waya ta zame daga aljihun gaba ta nutse. Ya dawo bayan kwana biyu a bayan tarakta, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da leda. Umm Rakuba ko hayaƙinta bai hango ba.

Haliima ta wanke kwat ɗin sau uku da ruwan da na taya ta ɗaukowa daga tasha. Na ce mata, "'Yar uwa, ki roƙi mijinki ya bar wa Nasiba maganar nan." Ta ce, "Hajja, shekara goma sha biyar ina roƙonsa abubuwa."

Na ɗauka ya haƙura. Ina! Mako bai cika ba ya zo yana walƙiya kamar wanda aka yi wa albishir da ɗa namiji.

"Na samo mahaƙar Turanci. Tana nan cikin gari ina ta wahalar da kaina."

Mahaƙar ita ce ƙofar ofishin ƙungiyar agajin kanta. Kullum da safe mutane na taruwa a wurin, masu neman aiki, masu neman tanti, masu takardar asibiti a hannu, mata da goyo. Wajen ƙarfe tara wani Bature gajere mai tabarau yakan fito ya tsaya a bakin ƙofa ya yi musu magana ɗaya bayan ɗaya, mai gadi, wani ƙato da ake kira Osama, yana juya musu da Larabci. Duktur ya samu dutse a jikin katanga ya mai da shi ofis. Tunda waya ta tafi, sai ya koma rubutu: abin da kunnensa ya kama daga bakin Baturen, ya rubuta shi da baƙaƙen Larabci a bayan kwalin ganyen shayina.

"To me Baturen yake ce musu?" na tambaye shi.

"Hajja, kin koma kan ma'ana."

"Ai Osama na fassarawa, ba ka ji?"

"Osama jahili ne, tsawa kawai ya iya. Da ya buɗe baki nake toshe kunne kada ya gurɓata mini samfuri. Fuskar Baturen za ki duba. Murmushi, hannu a ƙirji, kai a karkace, murya kamar ana lallashin jariri. Wannan shi ne Turancin girmamawa, wanda manya ke yi wa manya. Kuma abin mamaki, gini shida ko bakwai ne suke ta dawowa. Kullum su, kowa su. Abin da masana suka faɗa ke nan."

Ya karɓi aron kofunan gilashina goma sha biyu. Na ba shi, don ko tukunyata ya ce yana so a kan rijiyar nan zan ba shi. Ya jera su a rumfar gidansu, kowane kofi da kwalinsa, kowane kwali da gininsa. Duk sanda wani gini ya fito daga bakin Bature, in ya dawo gida sai ya jefa ƙwayar dawa ɗaya a kofinsa. Mako uku yana wannan. Masu shan shayina kuwa suna jiran juna, wannan ya shanye in ɗauraye in ba wancan.

Rannan muka ji ihu daga gidan. Muka ruga, muka tarar da Duktur yana zagaya rumfa da muciya, kazar Haliima na gaba yana baya. Ta hau tebur ta cinye abin da ke cikin kofi biyar tas, waɗanda dawarsu ba ta da yawa. Haliima ta tsaya a gaban kazarta ta ce in ya taɓa ta sai dai ya ci bincikensa da dare. Ya tsaya yana huci, ya dubi kofunan, sai fuskarsa ta washe.

"Ba komai. Ta rage mini aiki. Waɗanda ta ci dama raunana ne, ba sa maimaituwa. Bakwai ɗin da suka rage su ne ƙashin bayan Turanci."

Nasiba ta ce, "Duktur, don Allah karanta mini ko ɗaya in ji."

Ya kife kwalayen da sauri. "Haka aka yi wa wani farfesa a gabana. Ya nuna wa abokiyar aiki, bayan wata biyu ya ga bincikensa da sunanta."

Ta je wurin Modibbo da kanta ta ce ba ta son suna, ba ta son tsayawa gaban kowa, a bari kawai ta saurari jawabin sau ɗaya. Modibbo ya ce, "'Yata, ku malamai haka kuke, ba kwa son ganin ɗan uwanku ya yi gaba. Ranar ke za ki kula da zoɓon baƙi." Da ta gaya mini, sai da na ajiye buta na zauna, don raina ya ɓaci ƙwarai.

Saura kwana biyu Duktur ya tara unguwa ya koya mana aikinmu. In ya ɗaga hannun dama, maza su tafa. In ya ɗaga duka biyu, mata su rangaɗa guɗa. Muka gwada har sau biyar. Sannan ya dubi layin jarkokin da ke jingine a kowace ƙofa ya yatsina fuska.

"Waɗannan a ɓoye su. Manyan baƙi za su zo."

Modibbo ya ce ƙwarai kuwa, ba za a ce baƙi sun zo unguwarsa sun tarar da mu kamar mabarata ba. A share fili, a yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, a cika ganga biyu a bakin rumfa, a kawo randa mai sanyi da butar wanke hannu.

Na ce, "Baba Modibbo, ruwa za mu roƙa, kuma ruwa za mu zubar a ƙasa?"

"Fatu, a gidanku baƙo yana zama a kan ƙura?"

Ba ya zama. Nan ya kama ni. Uwata ko kofi ɗaya ya rage mata, in baƙo zai zo sai ta yayyafa ƙofar gida. Don haka kada in ɗora wa Duktur shi kaɗai: ranar da safe ni ce a gaba da kwano, ina watsa ruwan da na ɗauko a kaina tun daga tasha. Kowane gida ya kawo abin da yake da shi. Kafin hantsi filin ya yi luf, yana ƙamshin damina, ganguna sun cika har suna zuba, ko jarka ɗaya ba ka gani. Tunda nake a unguwar ban taɓa ganin ta yi kama da wurin da ruwa ya wadata ba sai ranar.

Mota biyu farare suka tsaya. Wata Baturiya doguwa ta fito da littafi a hannu, da tafintanta, da wasu mutum biyu. Ta dubi ƙasa a jiƙe, ta dubi ganguna, ta rubuta wani abu. Aka zuba mata ruwa ta wanke hannu, mai zubawar don karamci ya juye mata rabin buta. Ta sake rubutawa. Duktur ya tari tafintan ya zaunar da shi a kujera mai hannu, ya ce masa da Larabci, "Huta, ɗan uwa, yau ba ka da aiki." Ya karɓi lasifikar da aka aro wurin mai kiɗan biki, ya gyara kwat, ya karkata kai, ya dafa ƙirji, ya saki murmushi.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, abin ya yi daɗin ji. Turanci na fita daga bakinsa sumul, ba gargada, da lanƙwasa da komai. Ya yi jimla ta farko ya ɗaga hannun dama, maza suka tafa. Baturiya ta ɗaga gira. Ya yi ta biyu, aka tafa. A ta uku na ji ƙarar tire a bayana. Nasiba ce ta saki zoɓon gaba ɗaya, ta tsaya baki buɗe.

"Inna Fatu, ku tsayar da shi."

"Me ya faru?"

Ta kutsa cikin mata tana neman hanya. Daidai nan Duktur ya ɗaga hannu biyu, guɗa ta tashi, har da tawa, Allah ya yafe mini. Ya yi wata doguwar jimla ya wurga hannun dama sama da ƙarfi, hannun ya miƙe tsaf wajen tsallaken kwari. Baturiya ta juya ta dubi wajen. Maza suka tafa kamar tafukansu za su tsage.

Nasiba ta kai layin gaba, Modibbo ya tare ta da sandarsa.

"Baba, ɓarna yake yi."

"Ki bari manya su gama, 'yata. Je ki kawo wani zoɓon."

Baturiya ta yi wa Duktur tambaya, a hankali, har sau biyu, kamar mai son tabbatarwa. Ya karkata kai ya ba ta amsa da ginin da kofinsa ya fi kowane cika, ya ɗora wata 'yar jimla a kai. Ta dubi tafintanta. Tafintan ya dubi ganguna, ya dubi jama'a suna tafi, ya ɗaga kafaɗa. Sai matar nan ta rufe littafinta, idonta ya kawo ruwa, ta kama hannun Duktur da hannu biyu tana girgizawa tana magana. Ko kwata ɗin awar ba su cika ba suka shiga mota. Muka bi su da guɗa har suka gangara kwari.

Maza suka ɗaga Duktur sama. Modibbo yana share hawaye yana cewa, "Kun ga ta yi kuka? Rijiya ta zama tamu." Cikin wannan hayaniya lasifika ta yi ƙara. Nasiba ce ta ɗauka. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar.

"Jama'a, ku saurara in gaya muku abin da kuka tafa wa."

Waɗanda ke ɗauke da Duktur suka tsaya da shi a sama.

"Da farko ya ce: mun gode ƙwarai da sha'awar da kuka nuna. Kuka tafa. Ya ce: abin takaici, a halin yanzu ba mu da gurbi. Kuka tafa. Ya ce: muna baƙin cikin sanar da ku an rufe karɓar buƙatu. Ya ce: mun fahimci halin da kuke ciki. Nan mata suka yi guɗa. Ya ce: akwai waɗanda suka fi buƙata, don Allah ku gwada wani wuri, ya nuna musu tsallaken kwari da hannunsa."

Wani daga baya ya ce, "To da ta tambaye shi fa?"

"Ta ce, kun tabbata ba kwa son rijiyar? Ya ce: kada ku kira mu, mu za mu kira ku. Ya rufe da cewa don Allah su matsa daga bakin ƙofa."

"Kukan da ta yi fa?" in ji Modibbo.

"Cewa ta yi ta zaga ƙasashe da yawa, ba ta taɓa ganin mutanen da suka bar wa maƙwabtansu rabonsu da farin ciki irin haka ba."

Ban ga wanda ya fara sakin hannu ba, na dai ji faɗuwar. Duktur ya miƙe yana kakkaɓe kwat, laka ta manne masa a baya, lakar ruwanmu. Ya ɗaga yatsa.

"Wannan fassarar aji ce. A tsari, babu kuskure ko ɗaya. Duk jimlar da na faɗa sai da na ji ta fiye da sau ɗari daga bakin mai harshen."

"A ina ka ji ta?" in ji Nasiba.

"A bakin ƙofa."

"Me ake yi wa mutane a bakin ƙofa, Duktur?"

Nan ne na jefa kofin. Ya sunkuya, ya ruga gida, mata na bin sa da tsintsiya, Haliima na gaba tana buɗe musu ƙofa. Da aka watse na koma gindin bishiyata, na duba tulu babu ko ɗigo, duk yana can kwance a fili rana na shanye shi. Na zauna na yi kuka sosai, ban ji kunyar kowa ba.

Da sassafe Modibbo ya zo ƙofar Nasiba da kansa, hula a hannu. Ta rubuta takarda mai kyau, ta bayyana komai, yawan gidaje, mutuwar famfo, nisan tasha. Muka tafi ofishin mu uku, ni da ita da shi, muka shiga cikin taron bakin ƙofa. Ƙarfe tara Bature gajere mai tabarau ya fito. Da layi ya zo kanmu Nasiba ta yi masa bayani da Turancinta na aji, tsaf, ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya karkata kai, ya dafa ƙirji, ya yi murmushi, ya fara magana.

Ban iya Turanci ba, amma wallahi na gane kowace jimla, don jiya na yi mata guɗa. Osama ya buɗe baki zai fassara, Modibbo ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bar shi, ɗana, mun haddace."

Muna juyowa na hango shi a kan dutsensa a jikin katanga, da kwali a gwiwa, ido ɗaya a kumbure. Ko kunya babu, fuskarsa sai sheƙi take yi.

"Hajja Fatu, kin ji? Baba Modibbo, kun ji da kunnenku? Kalma ɗaya bai canza ba, har jerin. Yanzu wa zai ce bincikena ba daidai ba ne?"

Ya zaro kofina daga aljihun kwat, ya jefa ƙwayar dawa a ciki.

An haƙa rijiyar a tsallaken kwari kafin azumi. Mutanen kirki ne, suna barinmu mu ɗiba in sun gama, har sukan ce a ba masu karamci hanya. Kwarin gangara ne da hawa, ya fi hanyar tasha cin baya. Kwamiti ya yanke cewa jarkokina biyu Duktur ne zai riƙa ɗauko su kullum, safe da yamma, kuma yana ɗaukowa, cikin kwat. Jiya ya ajiye su yana nishi ya ce mini ya lura matan layin rijiya suna da gini huɗu da suke maimaitawa in sun gan shi, yana so in ara masa kofi huɗu.

Na karkata kai, na dafa ƙirji, na yi masa murmushi, na ce ya matsa daga bakin ƙofa.